Mara Lafiya Ta Sha Bakwai

9 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki? Baba yana gaishe ka. Ni ma lafiyata ƙalau, ina ajin ƙarshe yanzu, a watan Mayu za mu fara jarabawar fita.

Ni ce Auta, wadda ta ɓuya a bayan labule lokacin da ka zo gidanmu shekara huɗu da suka wuce. Baba ya ce in kira ka a waya. Sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Ban iya magana da manya ba, shi ya sa na rubuto.

Kawu, ciwon dajin Umma ya dawo. Ka san bara an yi mata aiki a mahaifa, aka yi ta ƙara mata maganin nan da ake ratayewa kamar ƙarin ruwa, har likita ya ce hoto ya fita fes. Ta koma kan kekenta ta ci gaba da ɗinki. Sai ga shi cikinta ya soma kumbura. Ranar biyar ga wata aka sake hoto, aka sa doguwar allura aka ɗebo ɗan guntun abu daga ciki. Likita ya ce za a koma kan maganin bara, zagaye shida, kowanne bayan mako uku. Amma ya ce ba kowa yake yi wa aiki karo na biyu ba.

Na kasa tambayarsa dalili. Da muka dawo gida Umma ta ce, "To ki tambayi Ɗan Kwalba mana, ba aikinsa ke nan ba?" Ka yi haƙuri da sunan, haka ta faɗa. Ta ce duk da kakanninku ne suka haɗa ciki, ba ta da ƙanin da ya fi ka, don ita ta goya ka, ita ta ɗinka maka wandon makarantarka na farko.

Tambayata ita ce, me ya sa maganin da ya yi aiki bara zai ƙi yi bana? Kuma ko akwai abin da za ka iya yi mana?

'Yarka,
Auta

19 ga Janairu

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya. Na tuna ki sarai, ƙafafunki kawai na gani a ƙarƙashin labule. Ashe akwai baki, a alƙalami yake. Ki gaishe da Yaya, ki ce mata har yau kwalabe nake wankewa, sai dai yanzu ba mai korata da tsintsiya. Labarin ya taɓa ni ƙwarai. Allah ya ba ta lafiya.

Tambayarki ita ce aikina shekara tara ke nan. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana da babban littafin umarni, DNA, kun yi shi a aji. Littafin ba ya barin ɗakinsa. In ana son yin wani abu, sai a kwafi shafin da ake buƙata a aika da shi wurin aiki. Kwafin nan shi ne RNA. A kan kwafin akwai wasu 'yan alamomi da ake ɗigawa, muna ce musu metil. Ba sa canza rubutun. Kamar allin da Yaya take zana wa yadi ne: yadi bai canza ba, amma alamar ce ke nuna wa almakashi inda zai bi. Wata alamar tana sa a daɗe ana aiki da takardar, wata tana sa a yaga ta da wuri.

Ƙwayar daji takan yi dabara. Sai ta sauya alamomin da ke kan takardun da suke koya mata gyara ɓarnar da magani ya yi mata, ko tura maganin waje. Magani yana yagawa, ita tana ɗinkewa. Wani lokaci waɗanda suka iya wannan ne suke tsira daga maganin farko, su kwanta shiru, sannan su dawo. Muna so mu gano ko alamomin za su iya faɗa mana tun da wuri wanda magani zai yi wa aiki.

Ga abin da nake so. Asibiti suna ajiye ragowar abin da suka ɗebo. Su ba mu ɗan yanki daga na bara da na bana mu kwatanta. Na sa fom mai shafi huɗu a ambulan ɗin nan. Ki karanta wa Yaya, ta sa hannu, ku kai wa likita, shi zai aiko. Ke kuma ki samu littafi ki riƙa rubuta ranar kowane zagaye da yadda jikinta yake. Abin da za ku aiko zai taimaka ƙwarai.

Kawunki

2 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Umma da sauƙi. An yi zagaye na farko ranar ashirin da uku, ta yi amai kwana biyu, yanzu tana ɗan cin abinci.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu, na zana abin a bayan littafina na Bayoloji. Da na zo wurin alli Umma ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce, "Wato abokiyar sana'a ce a cikina." Na karanta mata fom ɗin da taimakon ƙamus, ta sa hannu. Likita ya ce an aika da saƙon ranar Alhamis a cikin ƙaramin akwati. Umma ta ce, "Oh ni, naman jikina ya riga ni shiga jirgi."

Ga kwafin shafukan farko na littafin da ka ce in buɗe. Na ja layi da rula. In akwai abin da ban yi daidai ba ka faɗa mini. Tun da saƙon ya tafi hankalina ya ɗan kwanta, don na san yanzu namu ne yake dubawa.

'Yarka,
Auta

12 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Ina fata lafiya, don mako shida ke nan ban ji daga gare ka ba. Na san aiki ya yi maka yawa. Baba yana gaisuwa.

Umma ba sauƙi. Bayan zagaye na uku yatsunta sun mutu, ta ce ji take kamar ta sa safar hannu mai kauri. Ni nake zura mata zare a allura kafin in tafi makaranta. Ranar Talata allurar keke ta shiga yatsanta ba ta ji ba, sai jini ta gani a kan farar rigar mutane. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe keken.

Likita ya ce illar maganin ce, in aka ci gaba kuma wataƙila yatsun ba za su dawo ba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a ƙarasa zagaye shidan yadda ya tsara tun farko, ko a tsaya a koma wani magani mai sauƙi, wanda ba zai warkar ba amma zai bar mata hannunta. Ya ce shi ma ba shi da tabbas, hoton da aka ɗauka a tsakiyar maganin bai nuna ƙaruwa ba, bai nuna raguwa ba.

Umma ta ce a tsaya. Ta ce gara ta yi sauran kwananta tana ɗinki. Baba fita ya yi ya zauna a ƙofar gida. Ni ce na durƙusa na roƙe ta ta jira maganarka, tunda kai kaɗai ka ga cikin abin. Ta yarda.

Zagaye na huɗu ranar ashirin da bakwai ne. Kawu, don Allah me ka gani?

'Yarka,
Auta

20 ga Maris

Auta,

Muna lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya sha kaina. Saƙon ya iso lafiya, kuma ya nuna mana abubuwa da yawa. Littafinki ya fi na wasu ɗalibaina tsabta.

Batun magani kuwa, ku bi abin da likita ya tsara, shi yake ganin ta. Kada ku yanke ƙauna. Ki gaishe mini da Yaya da jiki.

A gurguje,
Kawunki

29 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarka ta zo ana gobe za mu asibiti. Ban cire kayan makaranta ba na karanta wa Umma. Ta ce, "To, tunda Ɗan Kwalba ya duba ya ce a ci gaba, a ci gaba." An yi zagaye na huɗu. Da ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya, Umma ta ce mata ƙaninta ne yake binciken ciwon nan, har da cewa naman jikinta yana can wurinsa yana karatu. Duk ɗakin suka yi dariya.

Na gode, Kawu. Allah ya saka da alheri. Ka sa mu a addu'a, jarabawa ta matso.

'Yarka,
Auta

24 ga Yuni

Auta,

Ina fata kin gama jarabawa lafiya. Mu duk ƙalau. Jiya Babanku ya kira ni ya faɗa mini sakamakon hoton ƙarshe, cewa ciwon ya ƙaru, an kuma kwantar da Yaya. Na kasa cin abinci. Allah ya sassauta mata.

Na sa miki wata takarda a ciki, taƙaitaccen bayanin da muka gabatar a taron masana a watan jiya. Ki duba ƙasan shafi na biyu, wurin godiya. Ɗalibar da aka ambata ke ce. Kin ce kina son kimiyya, na ga ya dace ki riƙe.

Akwai wata alfarma, kuma nauyinta nake ji. Yanzu da maganin ya gaza, in aka sake ɗebo ɗan guntu, za mu ga yadda alamomin suka koma bayan zagaye shida. Irin wannan da wuya ake samu. Allura ce kamar ta Janairu. Na aika wa likita akwati. Ki lallaɓa ki yi wa Yaya bayani, ke take ji.

Kawunki

6 ga Yuli

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa. Na gama jarabawa. Umma tana asibiti. Ba ta iya riƙe cokali, ni nake ba ta a baki. Tafin ƙafarta ma ya mutu.

Na karanta takardarka. Kwana uku na yi a kanta da ƙamus, a kan benci a bakin ɗakin jinya. Na ga godiyar. Amma a saman godiyar akwai jadawali na marasa lafiya ashirin da biyu, ba suna, sai lamba. Ta sha bakwai mace ce, shekara arba'in da shida, an ɗebo nata ranar biyar ga Janairu, an fara mata magani ranar ashirin da uku. Na buɗe littafina na gwada ranakun zagayen maganin ɗaya bayan ɗaya. Duka shidan sun yi daidai.

A layinta an rubuta cewa alamomin sun ninka na bara sau huɗu. A gaba an rubuta abin da kuka yi hasashe: maganin ba zai yi mata aiki ba. Ranar da aka rubuta hasashen, uku ga Maris.

Kawu, ranar sha biyu ga Maris na rubuto maka cewa yatsunta suna mutuwa. Na tambaye ka me ka gani. Ranar ashirin ka ce mu bi abin da likita ya tsara. A lokacin kwana sha bakwai ke nan da saninka.

Akwai kuma wani layi da ƙananan haruffa a ƙarƙashin jadawalin. Na duba kalmomin sau da yawa don kada in zalunce ka. An ce waɗanda suka kammala zagaye shida kaɗai aka sa a lissafi. Da Umma ta tsaya a na uku, da babu ta sha bakwai.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ranar da na karanta mata wasiƙarka na ƙara abin da ba ka rubuta ba. Na ce, "Kawu ya duba, ya ce akwai alamar nasara." Na ɗauka abin da kake nufi ke nan, kunya ce irin ta masana ta hana ka faɗa kai tsaye. Da bakina na mayar da ita kan gadon nan sau uku.

In na karanta ba daidai ba, ka faɗa mini, zan ba ka haƙuri. Ina so a ce ban karanta daidai ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Auta

15 ga Yuli

Auta,

Ina gaishe ki da jinya. Kin karanta daidai.

Zan faɗa miki yadda aikin yake, ba don in wanke kaina ba. Gwajin nan bai tabbata ba tukuna. Shi ya sa muke rubuta hasashe mu rufe, mu jira mu ga ko ya yi daidai. Kafin na Yaya mun yi goma sha shida, biyar daga ciki mun yi kuskure. Akwai wadda muka ce magani ba zai yi mata ba, ga ta nan da ranta, ta warke. Da na ce ku tsaya, ya zamana Yaya tana cikin irin waɗannan, da ni na kashe ta. Saboda haka ne doka ta hana mu ba mara lafiya ko likitansa sakamako. Yana nan a shafi na uku na fom ɗin da kika karanta mata.

A ƙa'ida ma bai kamata in san wace lamba ce tata ba. Wani ne yake ba da lambobin. Ranakun littafinki ne suka nuna mini.

Wasiƙar ashirin ga Maris sau biyar na rubuta ina yagawa. Na zaɓi kalmomin da babu ƙarya a cikinsu, na ce wa kaina hakan ya isa. Na san yadda za ki karanta su, Auta. Na sani.

Kin yi maganar ƙananan haruffa. Ban ce ku ci gaba saboda jadawali ba. Amma ba zan rantse miki cewa abin bai ratsa raina ba, ko sau ɗaya.

Kada ki ɗora wa kanki laifi. Kuma ina roƙon ki kada ki gaya wa Yaya. Me zai ƙara mata yanzu in ba ciwo ba? Batun akwati, in kin ga da nauyi ki bar shi, ko da yake mata da yawa za su amfana.

Kawunki

23 ga Yuli

Kawu,

Bayan gaisuwa. Jikin Umma yana nan yadda yake. Jiya an zuƙe mata ruwa daga ciki, ta ɗan samu numfashi.

Na karanta shafi na uku tun a Janairu, na kuma fassara mata. Ni da ita duk mun ɗauka wannan dokar ta baƙi ce. Ba mu san har da ita ba.

Ka ce kada in gaya mata. Kwana biyu na yi ina bin maganarka. A rana ta uku ina goge mata hannu da tawul ta ce, "Auta, tun jiya ba ki kalle ni ba. Me Ɗan Kwalba ya rubuto?" Sai na ga in na yi shiru na zama kai. Na fito da wasiƙun duka. Ta ce in karanta su yadda suke, kada in ƙara ko wasali. Na karanta. Na kuma faɗa mata abin da na ƙara a watan Maris.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce da ni, "Ke yarinya ce, abin da zuciyarki take so kika karanta." Sai ta sa na maimaita mata wurin da ka ce biyar cikin sha shida. Ta ce, "To ai da haka ya faɗa mini. Ya ce Yaya, ga abin da na gani, ina kuskure sau biyar cikin sha shida, ki zaɓa. Shekara talatin ina yanka yadin mutane, na san abin da ake nufi da yanka ba tabbas. Wataƙila ma da na ci gaba ɗin. Amma da ni na zaɓa." Ta ɗaga hannayenta tana kallo. Ta ce, "Jikina ne fa. Shi ya sani, takarda ta sani, 'yan taro sun sani, ni mai abin ce kawai ban sani ba."

Matar da ke gadon kusa ta juya fuskarta bango. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya ce a mayar maka da akwatinka. Umma ta ce a'a, a bar shi.

Ga saƙonta, na rubuta shi tana faɗa. Ta ce ba za ta hana matan da ke zuwa bayanta ba, in guntun namanta zai yi musu amfani za ta bayar. Amma ba ta hanyar wasiƙa ba, ba kuma ta bakina ba. Ka zo ka zauna a gabanta, ka tambaye ta da bakinka, ka faɗa mata abin da za ka yi da shi da abin da ba za ka faɗa mata ba. Sannan ta miƙa wa likita cikinta.

Na tambayi likita ko akwai lokaci. Wannan karon na iya tambaya. Ya ce duk mai son ganin ta tana magana kada ya wuce mako biyu.

Tana ɗakin mata na hawa na biyu, gado na uku daga ƙofa. Ana barin masu dubiya daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma. In za ka zo, ba sai ka sanar ba. In ba za ka zo ba, kada ka rubuto, don ba zan karanta mata ba.

Auta